Kwamfutocin hannu 15 da yaran da karatu ya ƙi zaunar musu: a zagaya da su ko a ware?

Malama_Aji_Huɗu:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar firamaren da nake koyarwa a nan Daura ta ba mu kyautar kwamfutocin hannu guda 15 tare da farantin sola da batirin caji, kuma tun da kayan suka iso kan malamai ya rabu biyu. Wasu na ganin a riƙa zagayawa da su aji-aji domin kowane ɗalibi ya taɓa, tunda makaranta baki ɗaya aka yi wa kyautar. Ni da wasu 'yan kaɗan muna ganin idan aka raba na'ura 15 ga yara sama da dubu, abin da kowane yaro zai samu bai wuce ya latsa ya ga hoto ba, alhali muna da yara masu ƙoshin lafiya, masu wayo, waɗanda ke amsa tambaya daidai idan da baki aka yi ta, amma sun kai aji huɗu ko biyar ba sa iya karanta layi guda a kan allo. Su nake so a ware wa na'urorin. Akwai wanda ya ga kwamfuta ta taimaki irin waɗannan yara da idonsa, kuma ta wace hanya? Sannan adalci ne a fifita su a kan sauran?

Ɗan_Kusugu:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni uba ne, kuma na daɗe a kwamitin iyaye da malamai na unguwarmu, saboda haka na san irin ƙurar da wannan shawara za ta tayar. Ranar da aka ji an ware wasu yara ana ba su kwamfuta, kashegari iyaye za su cika ofishin hedimasta, kowa na cewa nasa ɗan ma ba ya gane karatu. Waɗanda aka zaɓa ɗin kuwa 'yan ajinsu za su laƙaba musu suna, a ce ga 'yan ɗakin daƙiƙai, kuma sunan da aka sa wa yaro a firamare yakan bi shi har ya yi gemu. A zagaya da su kawai, kowa ya samu rabonsa, a zauna lafiya.

Malamin_Musamman:
Kafin a yi gardamar rabo, ya kamata mu san su wane ne yaran da ake magana a kansu. A fannin koyar da masu buƙata ta musamman na yi karatu, a kwalejin tarayya da ke Oyo, kuma abin da aka fara cusa mana shi ne tawayar koyo ba taɓin hankali ba ce, ba kuma ƙarancin basira ba ce. Yaro ne mai cikakken hankali wanda ƙwaƙwalwarsa ke shan wahala a aiki guda. Wani wahalarsa haɗa harafi da sautinsa, ita ce masana ke kira disleksiya. Wani rubutu da hannu ne ke gagararsa. Wani kuma fahimtar adadi. Tun 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14 da ba ya kasa tsaransa a basira amma karatu ya gagare shi, har malaminsa na cewa da a ce da baki ake koyar da komai, da shi ne zai fi kowa a makarantar. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na yara na da wannan matsala ta karatu, wato a ajin yara 80 ana iya samun huɗu zuwa takwas.

To, ga inda gizo ke saƙar. A makarantunmu waɗanda ba sa iya karatu a aji huɗu sun fi takwas nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu ba tawaya ce ke damunsu ba. Wani talla ta hana shi zuwa, wani ajinsu na ɗaya bai samu malami tsayayye ba, wani ba a taɓa koya masa sautin baƙaƙe da wasula bi da bi ba. Hanyar rarrabewa ita ce a ɗebi yaran duka a ƙananan rukunoni, a koya musu sauti da haɗa gaɓa kullum na tsawon zango guda. Mafi yawansu za su tashi. Waɗanda suka zo kullum, suka yi ƙoƙari, amma suka tsaya cak, su ne ake zargin suna da tawayar.

Ita kuma kwamfuta aiki biyu take yi, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai manhajar da ke horar da yaro ya koyi karatun da kansa, akwai kuma wadda ke karanta masa littafi domin kada darasin kimiyya da na zamantakewa su wuce shi kafin karatun nasa ya ƙarasa. Na biyun nan shi ne na fi amincewa da shi.

Ummu_Sadiƙ:
Malama, ni na gani da idona a cikin ɗakina, a Katsina. Ɗana yana da shekara 11, kuma akwai lokacin da kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, ashe tsoron a tayar da shi ya yi karatu a gaban aji ne. Ƙanwata ce ta nuna mini yadda ake ɗaukar hoton shafi da Google Lens a latsa wurin sauraro, wayar ta karanta. Yanzu bayan sallar isha'i yakan shimfiɗa littafinsa a kan tabarma, ya danne gefen shafin da kofi domin kada ya naɗe, ya ɗauki hoton, ya sa iyafis a kunne ɗaya, sannan ya ɗora yatsa a kan takardar yana bin layin yayin da muryar ke tafiya. Idan ta wuce shi sai ya tsayar, ya koma farkon sakin layin. Da safe idan na tambaye shi abin da ya ji game da zagayowar ruwa ko sassan tsiro, sai ya zayyano mini tiryan-tiryan. Ciwon cikin ya tafi. Amma kada in yi muku ƙarin gishiri: rubutunsa na nan yadda yake, har yau idan ya zo rubuta "daga" sai ta fito "baga", kuma littattafan Turanci kawai wayar ke karanta masa da kyau.

Alaramma_Ƙofar_Baru:
Allah Ya ƙara wa yaron basira. Sai dai ina da tsoro guda, Hajiya. Idan na'ura ce ke karanta masa kullum, yaushe zai ji dole ya koya da kansa? Mu a makarantar allo mun san irin waɗannan yara tun kafin a zo da sunayensu na zamani. Za ka ga almajiri ya haddace izu biyar da ka, amma idan ka nuna masa baƙi guda a tsakiyar allo ka ce mene ne wannan, sai ya yi shiru. Abin da malamanmu ke yi shi ne a rage masa rubutu, a ba shi aya ɗaya inda ake ba wasu biyar, a daɗe da shi a babbaƙu da farfaru, ya bi da tsinke yana furtawa da ƙarfi, ya rubuta da hannunsa, ya wanke, ya sake. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a jan kowa don wani ya yi gaba. Ban ga abin da gilashin kwamfuta zai yi wanda ya fi wannan ba.

Malamin_Musamman:
Allah gafarta Malam, abin da ka siffanta shi ne ainihin hanyar da masana suka tabbatar tana aiki: ido ya gani, kunne ya ji, baki ya furta, hannu ya rubuta, a hankali, kowa da gwargwadonsa. Hanyar Orton da Gillingham da aka tsara a Amurka tun shekarun 1930 a kan haka aka gina ta. Bambancin shi ne a boko akwai manhajar karatu da ke tafiya ko yaro ya iya ko bai iya ba, kuma malami ɗaya ba zai tsaya da kowa ba. Game da tsoron lalaci kuwa, yaro mai matsalar gani da aka ba tabarau ba wanda ke cewa an sangarta masa ido. Sharaɗin dai shi ne kada a daina koya masa karatun saboda an samu mai karanta masa.

Hajiya Ummu Sadiƙ, ƙaramin gyara: juya harafi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin yara da yawa na yin haka har zuwa shekara bakwai ko takwas su daina. Abin da ya fi nuna matsalar shi ne yaro ya kasa fasa kalma zuwa sautukanta ko da ba a rubuce take ba, misali a ce masa ya cire "ka" daga "kaza" ya faɗi abin da ya rage, ya kasa.

Injiniya_KT:
Bari in kawo abin da ke cikin na'urorin, tunda gyaran waya da kwamfuta ne sana'ata. Kusan kowace kwamfutar hannu mai Android na da Select to Speak a cikin saitin sauƙaƙa amfani, wadda ke karanta duk rubutun da aka taɓa, kuma idan aka sauke muryar tun farko ba ta buƙatar data. Microsoft na da Immersive Reader a cikin Word da OneNote da Edge: tana karantawa tana haska kalmar da take kai, tana faɗaɗa tazarar haruffa, tana iya rufe shafin duka ta bar layi ɗaya ko uku ko biyar kawai a bayyane, sai dai wani ɓangare na aikinta na neman intanet. Google kuma na da Read Along, wadda ke sauraren yaro yana karanta labari da ƙarfi ta gyara masa inda ya yi tuntuɓe, kuma tana aiki ba tare da intanet ba bayan an sauke labaran. Duk waɗannan kyauta ne.

Shawarata, Malama, duk abin da za ku dogara da shi ya zama mai aiki ba da data ba. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan saboda tsaro. Ko ba wannan ba, wa zai riƙa sayen datar na'ura 15 kowane wata? Sannan ku sayi iyafis mai waya da rigar roba ga kowace na'ura tun kafin a miƙa wa yaro, ku kuma kulle sauran manhajojin da lambar sirri.

Baban_Ummi:
Injiniya, na ji ana cewa akwai wani salon haruffa na musamman da ke warkar da wannan matsala, har wani ya ce zai sa mini a waya in biya shi. Gaskiya ne?

Injiniya_KT:
Kada ka biya, Alhaji. Akwai su, irin su OpenDyslexic, wanda ma kyauta ne, amma binciken da aka yi a kansu bai nuna suna ƙara saurin karatu ko rage kuskure ba. Abin da aka samu yana taimakawa shi ne ƙara tazara tsakanin haruffa, kamar yadda wani bincike na 2012 ya nuna a kan yaran Italiya da Faransa, kuma wannan kowa na iya yi da kansa a saiti. Babu salon rubutun da ke warkar da komai.

Malamar_Hausa:
Ina so in tsaya a kan jimlar ƙarshe ta Hajiya Ummu Sadiƙ, domin a nan babbar matsalarmu take. Muryoyin da ke zuwa a cikin yawancin na'urorin nan na Turanci ne, kuma idan ka ba su rubutun Hausa abin da ke fitowa ba Hausa ba ne, ba Turanci ba. Ko muryar da aka horar da Hausa ma tana da aiki a gabanta, saboda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Mutum ya san bambancin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi daga ma'anar jimla, na'ura kuwa tana iya furta wannan a wurin wancan, yaron da ke neman tabbaci ya ƙara ruɗewa.

Duk da haka Hausa na da rangwame babba. Harafinmu kusan koyaushe sauti ɗaya yake ɗauka, ba kamar Turanci ba inda wasali ɗaya ke sauya murya daga kalma zuwa kalma. Wani bincike da aka buga a 2001 ya kwatanta masu disleksiya a Ingila da Faransa da Italiya, ya samu matsalar a ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce, amma 'yan Italiya sun fi karatu daidai saboda rubutunsu na bin furuci. Ma'ana, yaron da za a fara da shi da Hausa ya fi samun mafita a kan wanda aka jefa cikin Turanci kai tsaye. Inda muke da tarko shi ne b da d da ɓ da ɗ, haruffa huɗu masu ciki da sanda, waɗanda ƙugiya kawai ta raba biyu daga cikinsu.

Abin da nake yi a ajina ba ya buƙatar muryar na'ura. Akwai manhajar Bloom ta ƙungiyar SIL, wadda malami ke iya shirya ɗan littafi da ita a kwamfuta, ya naɗi muryarsa jimla-jimla, sannan a tura wa na'urar yaro. Yana sauraro, jimlar da ake karantawa na haskawa, kuma ba a buƙatar intanet. Labaran ma ba sai an ƙirƙira ba, domin African Storybook na da labaran Hausa da aka yarda kowa ya sauke ya yi amfani da su. Muryar malamar da yaro ya sani, da Hausar garinsu, ta fi kowace murya da za a sauke.

Tsohon_Hedimasta:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina jinjina wa ƙoƙarinku, amma tsufa ya koya mini shakka. Na ga kwamfutoci sun shigo makaranta da buki da jawabai, aka kulle su a sito don tsoron ɓarayi da tsoron a ce wane ne ya lalata, har ƙura da gara suka gama da su ba yaron da ya taɓa. Shirin nan na duniya na ba kowane yaro kwamfuta ɗaya, wanda aka gwada a wata firamare a Galadima ta Abuja a 2007, da aka auna shi sosai a ƙasar Peru inda aka raba dubban ɗaruruwa, ba a ga ƙarin komai a karatu da lissafi ba. A nan gida kuwa abin da na ga ya motsa yara shi ne shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara, kuma ba na'ura aka ba yara ba, littafin Hausa ne da malamin da aka horar aka kuma riƙa bibiyarsa. Tambayata ga 'yata Malama ita ce, wane malami ne zai zauna da waɗannan yara, a wane lokaci, kuma wa zai riƙe ajinsa?

Injiniya_KT:
Baba, ranka ya daɗe, maganarka dutse ce, amma akwai wani misalin a ɗaya gefen. A gasar XPRIZE ta ƙirƙirar manhajar koyar da yara karatu da aka kammala a 2019, an ba yara sama da dubu biyu a ƙauyukan Tanzaniya kwamfutar hannu mai manhajar Suwahili na wata 15, kuma da yawa daga cikin waɗanda ba su san harafi ba sun fara karatu. Kitkit School da onebillion ne suka raba kyautar. Bambancinsa da na Peru shi ne manhajar an gina ta ne mataki-mataki don koyar da karatu da harshen yaran. Sai dai ba masu tawayar koyo aka ware aka auna ba, don haka ba zan ce ya amsa tambayar Malama kai tsaye ba.

Nas_Mai_Jinya:
Don Allah kafin a ce yaro na da tawayar koyo a duba idonsa da kunnensa. Na sha ganin yaron da ake kira daƙiƙi alhali allo ne ba ya hangowa daga bayan aji, ko kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa har jinsa ya ragu. Masu ciwon sikila kuma wasunsu kan samu ƙaramin shanyewar jijiya a ƙwaƙwalwa wanda ba a gani a jiki amma yana taɓa karatu, haka ma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hau masa ka. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, malami ya ɗauka rashin kula ne. Waɗannan duka asibiti ne maganinsu na farko, ba kwamfuta ba.

Baban_Ummi:
Wannan gaskiya ne. A danginmu akwai yarinyar da aka yi ta kai wa wajen masu ruƙiya ana cewa aljanu ne suka rufe mata ƙwaƙwalwa, daga baya aka gano ba ta ji sosai da kunnen hagu.

Alaramma_Ƙofar_Baru:
Addu'a ba ta hana neman magani, Alhaji, kuma malamin kirki shi ne zai fara cewa a je asibiti. Abin da na fi ƙi shi ne bulala a kan yaron da ke iya ƙoƙarinsa, ko a allo ko a boko.

Ɗalibin_Poli:
Iyayena da malamaina, ku yi mini afuwa in sa baki, domin ni ne irin yaron da kuke magana a kansa, kuma wannan saƙon ma da baki nake faɗa waya na rubutawa, abokina ya duba mini kafin in tura. Tun 2024 Google ta sa Hausa cikin harsunan da Gboard, manhajar rubutu ta waya, ke rubutawa daga magana, kuma wannan ya sauya mini rayuwa fiye da duk wani darasin ƙarin lokaci da aka biya mini. A makaranta ina naɗar lacca da izinin malami, in saurara da dare, takardun da aka raba kuma in ɗauki hotonsu waya ta karanta. A ɗakin gwaji ba wanda ya fi ni haɗa wayar lantarki da gano inda wuta ta yanke.

Ga Baba Ɗan Kusugu da ke tsoron a sa wa yara suna, ina ba shi haƙuri, sunan an riga an sa mana shi tun kafin kwamfuta ta zo. Ni a aji uku aka fara kirana da shi, kuma ba don an ware ni ba ne, don an bar ni a cikin aji ina kwafar abin da ke kan allo harafi-harafi kamar mai zane, ban san me nake rubutawa ba, har a goge allon ban kai rabi ba. Da a lokacin wani ya sa mini abu a kunne ya karanta mini, da ban yi shekarun da na yi ina ɗauka ni ne na fi kowa wauta ba. Amma ga Allah gafarta Malam ma ina cewa yana da gaskiya ta wani ɓangare: ranar jarrabawa ba a barin waya, kuma a nan nake gane cewa karatun da kansa ba shi da madadi.

Lauya_Funtuwa:
Maganar jarrabawa da wannan matashi ya kawo ita ce inda doka ta shigo. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma nemi makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. JAMB, wadda ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ta kafa wani rukuni a 2017 da ke shirya wa makafi jarrabawarsu ta hanyar da ta dace da su. Matsalar ita ce nakasar da ido ke gani ita ce ake saurin amincewa da ita. Makarantar makafi da ke Katsina da ta kurame da ke Malumfashi kowa ya san dalilin kafa su, amma yaron da ke gani yake ji yake gudu a fili, da wuya a yarda yana buƙatar ƙarin lokaci ko mai karanta masa tambaya. Saboda haka ina ba Malama shawarar ta riƙa ajiye rubutaccen bayani a kan kowane yaro, abin da aka gwada da abin da aka gani, domin shi ne hujjar da za a nema wata rana. Kuma kada a sa hoton yaran ko muryarsu a Facebook don a faranta wa masu kyauta rai sai da yardar iyaye, domin dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi yara.

A kan adalci kuwa, Alhaji Ɗan Kusugu, raba abu daidai-wa-daida ba koyaushe ne adalci ba, idan buƙatar ba ɗaya ba ce.

Malam_Lissafi:
Kun tattara a kan karatu kun bar lissafi. Ina da ɗalibar da ke sayar da awara, ba a taɓa cutarta a canji ba, amma a takarda ba ta iya haɗa 27 da 15. Ita ma tana cikin waɗanda za a ba na'urar?

Malamin_Musamman:
A'a, Malam, mai iya canji a kasuwa ta san adadi sarai, alamomin takarda ne ba a haɗa mata da abin da ta sani ba, kuma da kuɗi da tsinkaye za ka warware mata. Mai tawayar lissafi ta gaskiya ita ce wadda ko ɗigo huɗu aka nuna mata sai ta ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta saurin gane wanne ya fi yawa tsakanin 6 da 9. Irin wannan yarinya, manhajar da ke nuna adadi da ɗigo da layin lamba, tana maimaitawa ba gajiya ba tsawa, na iya yi mata amfani.

Malama_Aji_Huɗu:
Na gode muku ƙwarai. Na kai waɗannan bayanai taron malamai, kuma abin da aka tsayar na wucin gadi shi ne a fara da duba ido da kunne, sannan a yi zango guda na koyar da sauti a ƙananan rukunoni kamar yadda Malamin Musamman ya faɗa, kafin a zaɓi kowa. An kuma amince a ware na'ura goma don wannan aiki, biyar su riƙa zagaya azuzuwa, kuma za a kira zaman da sunan ƙungiyar masu son karatu, a sa wasu yaran da suka iya a ciki domin kada a gane wa aka nufa. Tambayar Baba Hedimasta ce ba mu da amsarta: mu biyu ne muka ɗauki nauyin zaman bayan an tashi, kuma ba wanda ya ce zai karɓe mu idan ɗayanmu ta samu uzuri.

Ɗan_Kusugu:
Na ji maganar ɗana ɗalibin Poli, kuma ta taɓa ni. Amma har yanzu ina ganin goma ta yi yawa ga yaran da ba za su wuce 'yan kaɗan a kowane aji ba, alhali ɗaruruwa za su zauna jarrabawa da kwamfuta nan gaba ba su taɓa riƙe ta ba. Ni da bakwai aka ware, takwas su riƙa zagayawa. Sannan zaman bayan an tashi zai ci karo da Islamiyya, kuma iyayen 'yan mata da yawa ba za su bari su tsaya ba.

Malamar_Hausa:
Batun Islamiyya gaskiya ne, sai dai a nemi minti 30 a cikin lokacin makaranta, ko da safe kafin a shiga aji. Malama, ina da littattafan Bloom da na riga na naɗa da muryata, na aji ɗaya zuwa uku, amma da karin Katsinanci ne; ki saurara tukuna ki ga ko za su yi wa yaran Daura, in ba haka ba sai ki sake naɗa da taki muryar a kan rubutun.

Tsohon_Hedimasta:
Ku rubuta sunan wanda zai riƙe makullin sito da wanda zai riƙa caji, a kuma faɗa a gaban kwamiti cewa idan gilashi ya fashe a hannun yaro ba malami ne zai biya ba. In ba a yi wannan ba, goma ko bakwai duk a kulle za su ƙare.